Abin da Na Karanta wa Kaka

Shekaranjiya na shiga kasuwar Sabon Gari neman zare, sai wata mai tebur ta kwance ƙullin kafur a kusa da ni. Warin ya bugi hancina, na tsaya cak a tsakiyar layi har mai baro ya ce in ba shi hanya. Mutane da yawa in sun ji kafur, tufafin biki suke tunawa. Ni kuwa akwatin ƙarfen kakata nake tunawa, da Littafin da ke kwance a cikinsa, da wata ƙarya da na yi ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Yau na haura arba'in, na koyar da 'ya'yan mutane ba adadi a firamare, amma ban gama da wannan ƙaryar ba. Zan ba ka labarin kamar yadda ya faru.

A gidan haya na girma, irin mai dogon tsakar gida, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, faɗa kullum safiya. Akwai Ibo, akwai Yarbawa, akwai mutanen Filato. Mu kaɗai ne Hausawa, kuma duk sabon ɗan haya sai ya yi mako yana mamakin yadda Bahaushe yake saɓa Littafi ranar Lahadi ya nufi majami'a. Baba ma'aikacin reluwe ne, yana bin jirgi kudu, ya yi kwana uku ko huɗu bai dawo ba. Mama tana da rumfar hatsi a kasuwa, tun sassafe take fita. Saboda haka ni da Kaka, uwar Baba, muka zama abokan zama, ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Da damina kwanon ɗakin yakan yi yoyo ta wuri uku. Da zarar an fara yayyafi, Kaka ba ta tambayar katifa ko garin tuwo. Lalubawa take ta jawo akwatin nan zuwa inda ruwa ba ya ɗiga.

A wani ƙauyen Maguzawa aka haife ta. Ubanta mai duba ne, ana zuwa wurinsa daga nesa kafin a yi tafiya ko a sa ranar aure. Tana matar aure masu bishara suka zo ƙauyen, ta ji, ta karɓa, ta sha zagi da horo, ba ta waiwaya ba. Amma ba ta taɓa shiga aji ba, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, daga baya kuma ciwon yanar ido ya rufe mata gani, sai inuwar mutum kawai take gani. Duk da haka ban taɓa ganin wanda yake girmama Littafi Mai Tsarki kamarta ba. Nata na Hausa ne, mai baƙin bango, a naɗe cikin farin ƙyalle, da ƙwayoyin kafur a gefensa don kyankyaso. Ba a taɓa shi sai an wanke hannu, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora masa komai a kai. Na sha ranƙwashi a kan wannan doka.

Ga yadda take amfani da shi. In wani abu ya dame ta, ko ciwo, ko mafarki, ko jirgin Baba ya makara, sai ta wanke hannu, ta yi addu'a, ta buɗe Littafin duk inda ya buɗu, ta dangwala ɗan yatsanta a kan shafin. Daga nan aikina ne in karanta abin da ke ƙarƙashin yatsan. Duk abin da ta ji, shi ke nan, an gama magana. Fasto ya sha yi mata nasiha a kan haka. Wata rana a gabana ya ce, "Kaka, Littafin nan ba na duba ba ne. Ana karanta shi ne daga farko, a fahimci abin da ke gaba da abin da ke baya."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ku ne kuka ce kowane layi a ciki numfashin Allah ne ba?"

Ya ce haka ne.

Ta ce, "To wane layi ne zan taɓa in tarar ba Ya ciki?"

Fasto ya yi murmushi ya kama wani zancen. Shi ne mai gaskiya, yanzu na sani. Amma tsohuwar da ta bar gidan ubanta saboda wannan Littafi ba za ta saki hanyarta don maganar yaron da aka haifa a gabanta ba.

Laifina ya fara ne da ƙaramin abu. Yatsan Kaka ba ya zaɓe. Sau da yawa yakan sauka a kan sunayen da harshena ba ya iya juyawa, ko awon katakon haikali, ko ƙa'idar yanka hadaya. In na tsaya ina in'ina sai ta ce, "Kuɗin makarantarki dai asara ne, uwar surutu." Ni kuma ga 'yan'uwana yara suna 'yar gala-gala a tsakar gida, ina jiyo su. Rannan sai dabara ta zo mini. Na kalli shafin, na rabu da abin da ke kai, na zubo mata ayar haddar da aka ba mu a makarantar Lahadi. Fuskarta ta washe. Ta ce, "Kin ji ko? Ya san halin da nake ciki." Har ƙuli-ƙuli ta ba ni. Daga ranar na samu hanya. In ta damu in ba ta aya mai sanyi, in ba ta da lafiya in ba ta ta warkarwa. A raina gani nake taimakonta nake yi, har ina jin kaina wata mai wayo. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Kaka 'ya'ya biyu ta haifa da suka rayu, Baba da ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa. Baffa shi ne ɗan lelenta. Tun yana saurayi ya shiga yaron kanti wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa a Fagge, ɗaya daga cikin mutanen Barno da suka daɗe a Kano. Alhaji ya yarda da shi, ya riƙe shi kamar ɗa. A kwana a tashi Baffa ya musulunta, ya auri 'yar gidan, ya koma can da zama. Baba dattijon ikilisiya ne, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ce muddin yana raye ba mai taka ƙofar gidan Baffa daga gidanmu. Kaka ta yi kuka ta haƙura. Shekara shida ba ta je ba, shi ma kunya da fushi suka hana shi zuwa, ga shi tsakaninmu bai wuce tafiyar ƙafa ba. Sai dai duk Kirsimeti akan aiko da turmin atamfa ba tare da an ce daga wane ba, ita kuma ta shafa shi, ta sunsuna, ta sa a akwati.

Dole in faɗa maka wani abu game da kaina kafin in kai ga ranar. Shekara guda kafin nan an yi rikici a gari. Kwana uku muna kulle a gida, muna jin ihu daga nesa, hayaƙi yana shigowa ta tagogi. Da aka koma makaranta, yarinyar da muke zama benci ɗaya ba ta dawo ba, ba kuma wanda ya yi mana bayani. Tun daga lokacin titin da ya raba mu da Fagge ya zama mini iyakar duniya. Ba wanda ya taɓa yi mini ko hararo a can, don ban ma taɓa shiga ba. Amma na sa a raina cewa duk wanda ya tsallaka daga wajenmu, da gani za a gane shi, kuma ba zai dawo ba.

Ranar wata Talata ce a tsakiyar bazara, ana hutun makaranta, zafi tun hantsi kamar a bakin murhu. Baba yana kudu, sai gobe zai dawo. Mama tana kasuwa. Muna zaune sai wata mata ta yi sallama, sanye da mayafi har ƙasa, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa a gaban Kaka. Ita ce matar Baffa, ranar na fara ganinta.

Ta ce, "Inna, ɗanki ne ba lafiya. Ciwon hanta ne, asibiti sun ce mu dawo gida. Tun jiya ba ya kiran kowa sai ke. Ga mota can a bakin titi tana jira."

 Kaka ta miƙe, ta shiga ɗaki, na bi ta. Ta ɗaura zanenta na zuwa majami'a, ta laluba ta sa takalmi.  Ta ce, "Babanki ya kafa doka, amma akwai wanda ya fi shi. Zuba mini ruwa in wanke hannu. In Ya ce mu je, ki ɗauko ɗankwalinki." Kaka ba ta zuwa ko'ina sai hannunta na kan kafaɗata, don haka na san in za ta Fagge, da ni za a je. 

Ta yi addu'a gajeriya, ta buɗe, ta ɗora yatsa. Na sunkuya na duba. Jerin sunaye ne, irin wanda na saba tsallakewa, wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, har ƙasan shafi. Na ɗaga kai, na hango gefen mayafin matar a bakin ƙofa. A raina na ce, gobe Baba zai dawo, shi sai ya kai ta. A wajenmu ko mutum ya mutu akan ajiye shi kwanaki, a jira dangi su zo su gan shi, to balle mai rai. Da wannan na lallashi kaina. Sai na buɗe baki, ba tare da muryata ta ko girgiza ba, na karanto mata ayar haddar da ke cewa masu bi su fito daga cikin waɗanda ba nasu ba, su keɓe kansu.

Ta ce in sake. Na sake.

Ta daɗe a zaune, yatsan yana nan a kan shafin. Sannan ta rufe Littafin, ta naɗe shi a ƙyallensa yadda ta saba, ta cire takalminta ta jera su a gindin gado. Ta fita da kanta tana dafa bango, ta ce wa matar, "Ki ce masa Littafi ya hana ni."

Matar ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "To, Inna. Allah ya ba mu haƙuri." Ta tafi.

Baffa ya cika kafin azahar. Kafin la'asar an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi. Lokacin da ɗan aike ya iso gidanmu, rana ba ta ko faɗi ba, amma komai ya ƙare. Ni ban san haka suke yi ba. Na tsaya a bayan ƙofa ina jiran a ce yaushe za a je ganin gawa, sai na ji Mama tana cewa ai tuni ƙasa ta rufe shi. Washegari Baba ya sauka daga jirgi, ya ji, ya ajiye jakarsa, ya tafi Fagge gaisuwa shi kaɗai, shi da ya kafa dokar. Da ya dawo ya shiga ɗaki, ba mu ga fuskarsa ba sai bayan kwana biyu.

Kaka ba ta yi kururuwa ba. Abin da ya same ta a hankali ya riƙa fitowa. Da, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, sai ta daina. Tana zuwa majami'a, tana zama a wurinta, amma in an ce amin bakinta ba ya motsi. Littafin kuwa tana nan tana kula da shi, tana sake masa kafur, tana janye shi daga yoyo, sai dai ba ta ƙara buɗe shi ba, ba ta ƙara cewa in karanta mata ba. 'Yan ikilisiya suna ta yabon ta, wai ga tsohuwar da ta zaɓi Maganar Allah a kan ɗan cikinta. Har a wa'azi an kawo ta misali. Ina zaune a bencin yara ina ji, kamar in nutse. Shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya da ita, ina jin tana juyi, ban ce uffan ba. Tsoro ne ya fara hana ni, daga baya kunya ta karɓa.

Ina shekara goma sha biyar na shiga ajin shirin baftisma. Ranar nan Fasto ya koya mana gargaɗin da ke kan duk wanda ya ƙara wani abu a Maganar, ko ya rage. Na san ba da ni yake ba, amma ji na yi kamar sunana ya kira. Na dawo gida da yamma na tarar da Kaka a bakin ƙofa tana ɓarar agushi, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga ranar ƙuli-ƙuli har ranar Talata. Hannunta ya tsaya a cikin faranti.

Ta ce, "Me ke ƙarƙashin yatsana a ranar?"

Na ce, "Ba komai, Kaka. Sunaye ne kawai. Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane."

 Can ta ce, a hankali, "Ai ni na haife shi."

Na jira duka, na jira tsinuwa, da ma su ta yi da na samu sauƙi. Sai hawaye kawai ke bin fuskarta. Ta ce, "Shekara huɗu ina fushi da Shi a ɓoye. Ina cewa na bar gidan ubana dominKa, Ka kuma hana ni rufe idon ɗana. Ashe ba Shi ba ne." Ta goge fuska da bakin zane. "Fasto ya gaya mini, ban ji ba. Na ɗauki Maganar Allah na ɗora a bakin yarinya, na kuwa san yaro yaro ne. Tashi ki ɗauko ɗankwalinki."

A ranar na tsallaka titin nan karo na farko, hannunta a kafaɗata. Ba abin da na gani sai mutane suna harkarsu, 'yan dako da dilolin atamfa, mai shayi yana wanke kofuna. Wani dattijo ma ya bar tabarmarsa ya raka mu har ƙofar gidan. Matar Baffa ta shimfiɗa mana darduma, ta kawo ruwa, iyayenta mata suka taru. Na tabbata yanzu Kaka za ta nuna ni.

Ta ce, "'Yata, na zo in gyara wata magana. Na ce miki Littafi ya hana ni zuwa. Ba haka ba ne. Littafinmu bai taɓa hana uwa zuwa wurin ɗanta ba. Ni ce ban zo ba. Laifina ne, ku yafe mini."

Ko sunana ba ta ambata ba. Matar ta yi kuka, ta ce har ya cika idonsa na kan ƙofa. Kaka ta roƙi a kai ta inda yake. Yayan matar ya kai mu har bakin maƙabarta, ya ba mu haƙuri cewa mata ba sa shiga, kuma ko an shiga, damina huɗu ta wuce, ba alama, shi kansa ba zai iya cewa ga shi ba. Ya nuna wajen gabas da hannu. Kaka ba ta ganin hannun. Ta dafa katangar maƙabartar, ta tsaya a nan har aka kira magariba, sannan ta ce mu tafi.

Ta yi shekara biyu bayan haka. Ta koma waƙa, ko da yake muryar ta riga ta tafi. Ta sa na riƙa karanta mata Littafin daga farko, babi bayan babi, har da sunayen, in na yi tuntuɓe ta ce in sake. Ba ta ƙara dangwala yatsa ba. Ba ta kuma gaya wa Baba ko Mama abin da na yi ba, har suka bi ta ba su sani ba.

Yanzu zamani ya sake. Tsofaffin majami'armu suna da waya mai karanta musu Littafin da Hausa, ba mai buƙatar jika ta tsaya tsakaninsa da shafi. Gidan hayar nan an rushe shi an yi shaguna. Fagge kuwa a-daidaita-sahu nake hawa in je, ba na ko tunani, don ɗan Baffa yana can, ya gaji kantin, ya zama magidanci. Muna zumunci, yana ce mini Yaya, 'ya'yansa suna zuwa gidana. Mutumin kirki ne, ba ya zagin addinin kowa. Amma a gidansu labarin da aka sani shi ne wanda Kaka ta ba su da bakinta, kuma shi yake ba 'ya'yansa.

Watan jiya ina zaune a kantinsa zancen ya taso. Yana ninke atamfa ya ce, "Yaya, na yafe mata, Allah ya sani. Amma har gobe na kasa gane irin zuciyar tsohuwar nan. A ce uwa ta ji ɗanta yana kiranta a bakin mutuwa, ba abin da ya tare ta, ta ƙi zuwa. Ke da kika zauna da ita, haka take da taurin rai?"

Duk duniya ni kaɗai na rage da na san amsar. Na dubi fuskarsa, fuskar Baffa ce sak, in ji waɗanda suka san shi. Na ce masa, "Allah dai ya ji ƙan magabata." Ya ce amin, ya sa mini atamfar a leda, na fito.